Idan Ɓerayen Gwaji Ba Su Mutu Ba, Maganin Tsiro Ya Kuɓuta Ke Nan?

Tambaya: Na karanta rahoton wani bincike da aka yi a kan ganyen wani tsiro da ake magani da shi. Masu binciken sun ce sun ɗura wa ɓerayen gwaji tataccen ganyen har miligiram 5000 a kowane kilo na nauyin jiki, babu ko ɗaya da ya mutu, saboda haka suka kammala da cewa tsiron ba shi da illa. Shin wannan ya isa hujjar mutum ya riƙa shan sa kullum na tsawon watanni? Idan bai isa ba, mene ne amfanin irin wannan gwaji?

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa, kuma ina so ka fahimci dalilin sosai, domin jimlar da ka karanta a ƙarshen rahoton tana daga cikin jimlolin da suka fi damuna a wannan fanni. Gwajin da aka yi ya amsa tambaya guda ɗaya ce tak, wato ko ɗura babban awo sau ɗaya zai kashe dabba cikin mako biyu. Kai kuma abin da kake tambaya shi ne me zai faru da hanta da ƙodar mutumin da yake shan ƙaramin awo safe da yamma har wata shida. Tsakanin waɗannan tambayoyi biyu akwai tazara mai nisa, kuma a cikin tazarar ne yawancin masu cutuwa da magungunan tsirrai suke cutuwa.

Lambar da ake nema a irin wannan gwaji ita ake kira LD50, wato awon da zai kashe rabin dabbobin da aka bai wa abin. Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan Birtaniya, J. W. Trevan, shi ya fito da ita a 1927, kuma manufarsa ita ce auna ƙarfin magungunan da ƙarfinsu ke bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan, domin a daidaita su. A 1983 wani masani mai suna Dietrich Lorke ya kawo hanyar da ta rage yawan dabbobin da ake kashewa: a zagayen farko ana bai wa rukuni uku masu dabba uku-uku miligiram 10 da 100 da 1000 a kowane kilo, idan babu mutuwa sai a haura zuwa 1600 da 2900 da 5000, dabba ɗaya ga kowane awo. Idan rahoton da ka karanta ya bi wannan hanya, to ka lura da abin da hakan yake nufi: ɓera ɗaya ne kaɗai ya karɓi miligiram 5000 ɗin da aka gina dukkan hukuncin a kansa. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wadda ƙa'idojinta ne duniya ta fi bi a wannan aiki, ta soke tsohuwar hanyar LD50 a 2002, ta maye gurbinta da ƙa'idoji masu lamba 420 da 423 da 425, waɗanda galibi suke tsayawa a miligiram 2000, ba a haurawa zuwa 5000 sai da dalili.

Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki da hannunsa ya san iyakar abin da ido yake gani. Ana hana ɓeran abinci ya kwana da yunwa, da safe a ɗora shi a kan sikeli, a lissafa rabonsa. Ɓera mai giram 200 zai karɓi giram ɗaya cur na busasshen tatacce idan awon 5000 ake so, a narka shi cikin ruwan da bai wuce mililita biyu zuwa huɗu ba, har ya yi kauri kamar taɓo. Sai a kama fatar ƙeyarsa, a miƙe wuyansa, a zura siririn bututu mai dunƙulallen kai ta gefen bakinsa har cikin tumbi, a matsa sirinji a hankali. Daga nan sai zaman kallo, musamman a awa huɗu na farko. Ana duba ko gashinsa ya mimmiƙe, ko ya takure a lungun keji, ko yana dalalar da miyau, ko numfashinsa ya sauya, ko yana karkarwa ko zawo. Sau da yawa zai yi lamo na 'yan sa'o'i, kafin yamma ya tashi ya fara lashe jikinsa yana neman abinci, bayan kwana goma sha huɗu kuma nauyinsa ya ƙaru. Abin da za a rubuta ke nan, kuma gaskiya ne. Amma babu abin da wannan kallo ya faɗa game da abin da zai faru da a ce an ci gaba da ba shi ko da kashi ɗaya cikin ashirin na wannan awo kowace rana.

Dalili kuwa yana cikin yadda hanta da ƙoda suke aiki. Duk abin da hanji ya tsotsa, jini yakan bi da shi ta hanta kafin ya isa sauran jiki, kuma aikin hanta ne ta sarrafa baƙin sinadarai domin a fitar da su. A wajen wannan sarrafawa ne wani sinadarin da ya shigo ba shi da kaifi yakan rikiɗe ya zama guba a cikin hantar kanta. Ƙoda kuma tana tace jini ba dare ba rana, tana tattara abin da ta tace a cikin siraran bututunta, ta yadda gubar da ta tsarma a jini takan yi kauri a can. Sannan gaɓoɓin nan biyu suna da juriya mai ruɗarwa. Za su iya rasa babban kaso na ƙarfinsu alhali mai su yana ci yana sha yana harkokinsa, kamar itacen da gara ta cinye cikinsa amma bayansa sumul.

Saboda haka gwajin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na maimaita awo kullum, na kwana 28 bisa ƙa'idar OECD mai lamba 407, ko na kwana 90 bisa mai lamba 408. A na farko ana son aƙalla maza biyar da mata biyar a kowane rukuni, a na biyu goma-goma, da matakan awo uku ko fiye, da kuma rukunin kwatanci wanda ake ɗura masa ruwan da aka narka tataccen a ciki kawai. Ana auna nauyi kowane mako, ana lura da cin abinci, a ƙarshe a ɗebi jini, a fiɗe dabbobin, a auna nauyin hanta da ƙoda da saifa da zuciya da maraina da sauransu. Bincike mai kyau yakan ware wani rukuni da za a daina bai wa maganin a bar shi mako biyu ko fiye, domin a ga ko lahanin yana warkewa, ko yana nan, ko ma sai a lokacin zai bayyana.

A wajen karanta sakamakon jini ne nake yawan ganin tuntuɓe. Sinadarin ALT yana zaune ne a cikin ƙwayoyin hanta, idan suka fashe sai ya malalo cikin jini, don haka hauhawarsa alama ce mai ƙarfi. Sinadarin AST kuwa, ban da hanta, akwai shi a tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyin jini, ta yadda ɓeran da ya sha kokawa wajen kamu, ko jinin da ya farfashe wajen ɗiba, zai iya nuna hauhawar da ba ruwanta da hanta. ALP, wani sinadarin da shi ma ake aunawa don duba hanta, a jikin ɓera yana sauyawa da shekaru da kuma ko dabbar ta ci abinci kafin a ɗebi jinin. Akwai kuma wata fassara da ta zama ruwan dare, wadda ba na yarda da ita: da zarar an ga ALT ya yi ƙasa da na rukunin kwatanci sai a rubuta cewa tsiron yana kare hanta. Saukar lambar a jikin lafiyayyar dabba ba ta tabbatar da kariya, domin babu wani rauni da aka kare ta daga gare shi tun farko. A ɓangaren ƙoda lamarin ya fi tsanani, domin sinadarin kiriyatinin, wanda ake aunawa a jini don duba aikin ƙoda, ba ya tashi a fili sai ƙoda ta yi asarar kusan rabin aikinta. Wannan jinkiri ne ya sa a 2008 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka amince da wasu alamomin fitsari, irin su KIM-1, domin gano raunin ƙodar ɓera da wuri. Ka kuma tuna cewa idan aka auna abubuwa ashirin ko talatin a jini, ba abin mamaki ba ne ɗaya ko biyu su bambanta bisa katari kawai. Abin da mai hankali yake nema shi ne ko sauyin yana ƙaruwa yayin da awo yake ƙaruwa, da kuma ko abin da jini ya faɗa ya yi daidai da abin da ido ya gani a naman gaɓar.

Wannan gani da ido shi ne alƙalin ƙarshe. Ana jefa yankin gaɓar cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa nan take, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a fere shi siriri kamar maikiron huɗu ko biyar (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a rina shi da rini biyu, shuɗi da ja-ja, sannan a ɗora gilashin da aka shimfiɗa shi a kai a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lafiyayyar hanta tana da tsari mai ban sha'awa: ƙwayoyinta sun jeru layi-layi suna fitowa daga wata jijiya ta tsakiya kamar hasken rana a zanen yara. Idan guba ta taɓa ta, sau da yawa kewayen wannan jijiya ne yake fara kodewa, ƙwayoyin su kumbura, cibiyoyinsu su ƙanƙance su yi baƙi ko su ɓace, fararen ƙwayoyin jini su yi cincirindo a wurin. A ƙoda kuma za ka ga fatar cikin bututun ta saluɓe ta zuba a tsakiya. Amma a nan ma akwai tarko. Naman da aka yi jinkirin sakawa a fomalin yakan fara ruɓewa, ya yi kama da wanda guba ta lalata, kuma tsofaffin mazan ɓeraye suna da ciwon ƙodarsu na gado da ba magani ne ya jawo shi ba. Shi ya sa ya kamata ƙwararren mai duba nama ya karanta gilasan, zai fi kyau ma idan bai san wane gilashi ne na wane rukuni ba. Hoto ɗaya da aka zaɓo daga dabba ɗaya aka rubuta "babu wani sauyi" a ƙarƙashinsa ba ya gamsar da ni.

Labarin da nake so kowane mai wannan tambaya ya sani ya faru ne a Beljiyam. A farkon shekarun 1990 wasu mata a birnin Burasels da suke shan haɗin rage ƙiba suka fara zuwa asibiti ƙodarsu tana mutuwa cikin hanzari, aka wallafa rahoton farko a mujallar Lancet a 1993. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa an so sanya saiwar Stephania tetrandra ne a haɗin, amma abin da ya shiga shi ne Aristolochia fangchi, domin sunayensu a harshen Sinanci sun yi kama. Tsiron na biyu yana ɗauke da sinadarin aristolokik, wanda yake mayar da naman ƙoda tabo a hankali ba tare da wani ciwo mai tayar da hankali ba da farko. Fiye da mutum ɗari ne suka kamu, da yawansu sun ƙare a wankin ƙoda ko dashe. Da sauran rina a kaba, domin a shekara ta 2000 aka wallafa cewa cikin marasa lafiya 39 da aka cire musu matattun ƙodoji da bututun fitsari don rigakafi, an samu sankara a jikin 18. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne, tun a 1982 wani bincike da aka yi a Jamus ya nuna cewa wannan sinadari yana haddasa sankara a jikin ɓerayen da aka riƙa ba su shi na 'yan watanni. Wato dabbobin sun yi gargaɗi shekara goma kafin abin ya faru, kuma gwajin dogon zango ne ya jiyo gargaɗin. Ga shi kuma tsirran wannan dangi an shafe ɗaruruwan shekaru ana magani da su a nahiyoyi daban-daban ba tare da an alaƙanta su da mutuwar ƙoda ba, saboda wanda ya sha yau sai bayan watanni ko shekaru zai kwanta, lokacin da babu mai tuna abin da ya sha. Daɗewar amfani da tsiro hujja ce mai kyau a kan gubar da take kayarwa nan take, amma ba ta da ƙarfi a kan mai cin jiki a ɓoye.

Ko da an yi gwajin kwana 90 yadda ya kamata, ɓera ba mutum ba ne. Ɓera ba ya amai, ɓeran gwaji na babban jinsi, wanda Turawa ke kira rat, ba shi da matsarmama, kuma hantarsa tana sarrafa sinadarai da yawa ta hanyar da ta saɓa da tamu. Sinadaran da suke cikin tsirran Digitalis da Nerium oleander, waɗanda kaɗan daga cikinsu kan tsayar da zuciyar mutum, ɓera yana jure ninkin-ba-ninkin awonsu, saboda wurin da suke kamawa a ƙwayoyin zuciyarsa ba ya riƙe su da ƙarfi. Wasu zomaye suna cin ganyen Atropa belladonna su kwana lafiya domin jininsu yana da abin da yake warware gubar. Tsirran dangin Senecio da Crotalaria, masu toshe ƙananan jijiyoyin hanta, waɗanda aka gano suna kumbura cikin yara a Jamaika a shekarun 1950, suna kashe shanu da dawaki alhali tumaki sun fi su juriya nesa ba kusa ba. A wani nazari da aka wallafa a 2000 a kan magunguna 150 da suka nuna illa a jikin mutane, gwajin dabbobi gaba ɗaya ya hango kashi 71 cikin ɗari na illolin, amma gwajin ɓeraye shi kaɗai kashi 43 ya hango, kuma raunin hanta yana cikin waɗanda suka fi kuɓuce wa gwajin.

Akwai kuma matsalar lissafi zalla. Idan aka gwada dabba goma babu wadda ta nuna illa, ilimin ƙididdiga bai kore yiwuwar illar tana samun kusan ɗaya cikin huɗu ba. Illar da take samun mutum ɗaya cikin dubu goma kuwa, sai an gwada kimanin dubu talatin kafin a kusa tabbatar da cewa za a gan ta ko sau ɗaya. Irin wannan raunin hanta mai zaɓen mutane, wanda ya danganta da halittar jikin mai sha, sai bayan jama'a sun fara amfani da abu yake fitowa. Haka aka yi da tsiron Teucrium chamaedrys, wanda Faransa ta hana sayarwa a 1992 bayan an samu masu ciwon hanta a cikin masu shan sa don rage ƙiba.

Ka duba kuma mene ne ainihin abin da aka ɗura wa ɓerayen. Tataccen da aka fitar da ruwa daban yake da wanda aka fitar da itanol ko mitanol, domin kowane yana janyo nasa sinadaran. Ganye daban, saiwa daban, sassaƙe daban, kuma tsiro ɗaya yakan sauya ƙarfi gwargwadon ƙasar da ya tsira da lokacin da aka tsinke shi da yadda aka shanya shi. Ganyen shayi kore misali ne mai kyau: shan sa a matsayin abin sha bai zama abin damuwa ba, amma a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa EGCG a rana, a cikin ƙwayoyin ƙarin kuzari, yana da alaƙa da hauhawar alamomin raunin hanta. Rahoton da bai faɗi wanda ya tantance tsiron ba, bai ajiye samfurinsa a ma'adanar busassun tsirrai da lamba ba, bai faɗi giram nawa na tatacce aka samu daga kilo nawa na ganye ba, to babu yadda za ka san ko abin da ke hannunka shi ne abin da aka gwada. Ban da wannan, kayan da ake sayarwa kan iya ɗauke da dalma ko gubar funfuna da ba su cikin samfurin ɗakin gwaji.

Idan har an samu awon da bai nuna wata illa ba a gwajin dogon zango, ba a ɗaukar sa kai tsaye a ninka da nauyin mutum. Ƙananan dabbobi suna ƙona sinadarai da sauri, don haka jagorar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar a 2005 ta ce a raba awon babban jinsin ɓera (rat) da 6.2, na ƙaramin jinsin (mouse) da 12.3, sannan a sake rabawa da aƙalla 10 don kariya. A misali, idan miligiram 310 a kowane kilo ne bai cutar da babban ɓera ba, daidai da shi ga mutum shi ne 50, bayan ragin kariya ya koma 5, wato miligiram 300 a rana ga mai kilo 60. Wannan ma mafarin gwaji ne a jikin mutane ƙarƙashin kulawar likitoci. Ɓerayen gwaji matasa ne, lafiyayyu, ba sa shan wani magani, alhali mai neman maganin tsiro sau da yawa dattijo ne, ko mai ciwon sukari, ko wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni, ko mai juna biyu, kuma lafiyar ɗan tayi da lahanin gado da sankara kowanne yana da nasa gwajin daban. Haɗuwa da wasu magunguna ma ba ta fitowa a keji: tsiron Hypericum perforatum ba shi da kaifin guba a karan kansa, amma yana sa hanta ta yi saurin ƙona wasu magunguna, har aka samu waɗanda aka yi wa dashen zuciya jikinsu ya fara ƙin dashen saboda shi.

Duk da haka, kada ka ɗauka gwajin da ka karanta aikin banza ne. Ya nuna cewa wannan tatacce ba ya cikin masu kisa farat ɗaya a jikin ɓera, kuma da shi ake zaɓar awon da za a yi gwaji na gaba. Abin da masu rahoton suka cancanci rubutawa shi ne cewa gubarsa ta gaggawa ba ta da yawa a wannan dabba, ta wannan hanya, da wannan tatacce. Ina ganin wannan tsantseni haƙƙi ne a kanmu ta fuska biyu, ta fuskar mutanen da za su karanta su sha, da ta fuskar dabbobin da aka salwantar da rayukansu. Tun 1959 wasu masana biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar a musanya dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala, kuma gwajin da aka tsara shi sakaka har ya kasa amsa komai ya saɓa wa wannan ƙa'ida tun daga tushe.

Game da kai kanka, idan kana da niyyar shan wannan tsiro na tsawon lokaci, ko ka riga ka fara, ka faɗa wa likitanka sunansa da yadda kake haɗa shi da sauran magungunan da kake sha, ka nemi a gwada maka aikin hanta da na ƙoda kafin ka fara da kuma bayan 'yan makonni. Idan idonka ya fara rawaya, ko fitsarinka ya yi duhu ko ya ragu, ko ƙafafunka suka kumbura, ko ka ji kasala da tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki da ba ka san dalilinsu ba, ka dakatar da shi a ranar, ka tafi asibiti da ragowar maganin a hannunka domin a san abin da za a bincika.